Snapseed a Lokacin Hunturu: Abin da Take Iyawa da Hoton Hazo, da Inda Take Gazawa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoto a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram ya san abin da ke fitowa. Sama ta yi fari fat, bishiyoyin nesa sun dushe, fuskar mutum ta yi duhu, launin komai ya koma kamar an barbaɗa masa toka. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce ke rataye a sararin sama tana watsa hasken rana ta ko'ina. Shi ya sa inuwa ba ta yin baƙi sosai, haske kuma ba ya yin kaifi. Mutane da yawa sukan haƙura da ɗaukar hoton waje sai damina ta wanke gari. Amma ga mai son ya koyi ɗaukar hoto da gyaransa, babu lokacin da ya kai wannan. Sanyi ya rage hirar dare a ƙofar gida, akwai sarari na zama da waya a hannu, kuma hasken safiyar hunturu yana da taushin da ba a samu a bazara.

Manhajar da muka duba don wannan aiki ita ce Snapseed. Kamfanin Nik Software ne ya fara fitar da ita a 2011 don iPad, Google ya sayi kamfanin a 2012, a ƙarshen shekarar kuma ta iso Android ta zama kyauta. Har yau kyauta ce, ba talla, ba buɗe asusu, ba tambarin kamfani a jikin hoto, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar data don yin aiki. A 2025 an sauya wa ta iPhone fasali, don haka wurin da maɓallai suke zai iya bambanta tsakanin waya da waya. Bayanin da ke tafe ya bi tsarin da aka saba da shi a Android, mai kayan aiki 29. Sunayen kayan da Turanci suke a yawancin wayoyinmu, shi ya sa za mu riƙa kawo su yadda suke a rubuce a allo, don a gane su.

Hukuncinmu tun da wuri: a cikin manhajojin kyauta, babu wadda ta kai ta iya gyara wani yanki na hoto ta bar sauran yadda yake, kuma wannan ne ainihin abin da hoton hazo ke buƙata. Sai dai a wannan tsarin da muka duba ba ta da maɓallin cire hazo kai tsaye, ba ta da na share ɗige-ɗigen da ke fitowa a hoton duhu, kuma wasu kayanta masu ɗaukar ido su ne suka fi lalata hoton hunturu.

Kafin a buɗe manhajar

Akwai ɓarnar da Snapseed ba ta iya gyarawa, kuma mafi yawanta a idon kyamara take faruwa. A hunturu kowa yana shafa basilin ko man kaɗe saboda kaushi, yatsa ya taɓa gilashin, maiƙon ya zauna. Sakamakonsa hoto mai dishi-dishi da rana, da dare kuma kowane ƙwan fitila ya ja dogon layin haske. Kada a goge da bakin riga kai tsaye, domin ƙurar hazo tana da yashi a ciki, tana iya karce gilashin. A fara hure ta tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau.

Na biyu, a kashe gyaran fuska da wayoyi irin su Tecno, Infinix da Itel kan zo da shi a kunne. Yana murje fata tun kafin hoton ya shiga ma'ajiya, kuma abin da aka murje ba ya dawowa. Na uku shi ne awon haske. Kyamara idan ta ga fili mai fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, irin matsalar da masu ɗaukar hoton dusar ƙanƙara a Turai ke fama da ita. Mutumin da ke tsaye a gaban farar sama sai ya fito baƙi ƙirin. A taɓa fuskarsa a allo, a ja alamar rana sama kaɗan har fuskar ta bayyana, amma a tsaya kafin farar riga ta rasa zarenta. Idan wayar tana da zaɓin ajiye ɗanyen hoto na DNG a sashen ƙwararru, a kunna shi don hotunan fitowar rana da faɗuwarta. Kowane ɗaya na iya cin megabait 20 ko fiye, amma Snapseed tana buɗe shi, kuma yana jure gyara mai ƙarfi fiye da JPG, wato nau'in hoton da waya ta saba ajiyewa.

Shi kansa allon da za a yi gyara a kai yana da sharaɗi. A kashe yanayin kare ido da ke sa allo ya yi rawaya da dare, in ba haka ba za a yi ta sanyaya launin hoto, washegari a tarar ya koma shuɗi. A tsayar da hasken allo a wajen rabi. Wanda ya yi gyara cikin bargo a ɗaki mai duhu yakan ga hoto ya yi haske alhali bai yi ba, sai ya tura wa mutane hoto mai duhu.

Tsarin gyaran hoton hazo

Yadda ake sarrafa ta abu ne mai sauƙi. A cikin kowane kayan aiki, shafa yatsa sama ko ƙasa yana zaɓar abin da za a canza, shafawa dama ko hagu yana ƙara shi ko rage shi, yawanci daga -100 zuwa +100. Danna hoton a riƙe yana nuna yadda yake tun asali. Wannan riƙewar ta zama ɗabi'a bayan kowane mataki, domin ido yana saurin sabawa da gyaran da ya wuce kima.

A fara da daidaita tsayuwar hoto da yanke gefensa, ta Rotate da Crop. Idan gini ne mai tsawo irin hasumiyar Gobarau ta Katsina ko masallacin Agadas, aka ɗauke shi daga ƙasa har ya zama kamar zai faɗi baya, Perspective na miƙar da shi. Sai dai manhajar tana cike gefen da ya buɗe da abin da ta ƙirƙira, kuma a kan katanga mai zane cikon yakan fito a karkace. A duba kusurwoyi huɗun, a yanke abin da bai yi ba.

Daga nan sai launin haske, wato White Balance. Hazo yana sa hoto ya karkata zuwa rawaya mai toka-toka. Akwai alamar ɗigo da ake ɗorawa a kan wani abu fari ko ruwan toka a cikin hoton, manhajar ta daidaita sauran launuka da shi. A nan akwai tarko. Farar shadda ko farin yadi da aka wanke da bula ba fari ba ne a wajen kyamara, yana da shuɗi a jikinsa. Idan aka ɗora ɗigon a kansa, manhajar za ta yi ƙoƙarin kashe shuɗin, sai hoton duka ya ƙara rawaya. Kwalta, bulo na siminti ko farar takarda sun fi aminci. Kuma ko an samu awon daidai, ba lallai a bar shi a can ba. Idan aka cire ɗumin hazon gaba ɗaya, hoton ya daina kama da hunturu. Mun fi ganin kyau idan aka mayar da maki 5 zuwa 10 na ɗumin bayan an daidaita.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan masu koyo suka fi kuskure. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne ƙara Contrast a cikin Tune Image har zuwa 50 ko 60. Wannan yana jan haske da duhu a lokaci guda, sai farar samar da dama saura ƙiris ta ƙone ta ƙone gaba ɗaya, fuska kuma ta ƙara nutsewa. Curves ya fi dacewa, wato layin da ake lanƙwasawa don sarrafa haske da duhu. Idan aka buɗe shi za a ga jadawalin hasken hoton a bayan layin. A hoton hazo, tudun jadawalin yakan taru a tsakiya da dama, gefen hagu ya zama fanko, alamar babu baƙi na gaskiya a hoton. A kama ɗigon da ke ƙasa ta hagu a ja shi zuwa dama, har ya kusa inda tudun ya fara, a tsaya kafin a taɓa shi. Wannan jan kaɗai yana cire rabin dishin. Sai a sa ɗigo ɗaya a tsakiyar layin a ɗaga shi kaɗan don fuska da tufafi su dawo. Gefen dama na sama a ƙyale shi. Idan aka ga launuka sun yi zafi da yawa bayan haka, a koma a yi jan a layin Luminance maimakon na RGB da aka fara da shi, domin Luminance haske kaɗai yake taɓawa.

Sai yanzu a shiga Tune Image don ƙananan gyare-gyare. Highlights a rage shi zuwa tsakanin -20 da -40 don a ceto abin da ya rage a sama, kamar faifan rana da ke bayyana fari a cikin ƙura. Idan aka wuce -60, farin yakan koma toka mai datti. Shadows kada ya wuce +20, domin ɗaga inuwa yana dawo da dishin da aka gama cirewa, yana kuma tono ɗige-ɗige. Ambiance kayan aiki ne na musamman a wannan manhaja, yana daidaita haske a sassan hoto yana kuma ɗan ƙara launi. Tsakanin +15 da +25 yana raya hoton kasuwa ko lambu. Sama da +40 sai a fara ganin farin kewaye a gefen bishiyoyi da kawunan mutane. Ƙarfin launi, Saturation, +10 ya isa. Jar ƙasa da jan tattasai su ne ke fara fashewa, su zama dunƙulen ja marar zane.

Gyaran yanki, inda ta fi ƙarfi

Hazo ba ya rufe hoto daidai wa daida. Abin da ke kusa da kyamara yana fitowa sarai, na tsakiya ya ɗan dushe, na nesa ya kusa ɓacewa. Wannan hawa-hawan shi ne kyan hoton hunturu, shi ke ba shi zurfi. Wanda ya hau Dutsen Dala da safe ya dubi birnin Kano zai ga rufin gidaje na kusa da launinsu, na bayansu sun yi fari-fari, can nesa kuma sai inuwar hasumiyoyi. Gyaran da ya dace shi ne a ƙarfafa na kusa a bar na nesa cikin hazonsa. Duk gyaran da ya bi hoton baki ɗaya yana rushe wannan tsari.

Selective shi ne maganin, kuma gado ne daga fasahar Nik. A danna alamar ƙari, a ɗora ɗigo a kan abin da ake so, misali rigar mai tura baro. A matse ko a buɗe yatsu biyu a allo, jan launi zai nuna iyakar inda gyaran zai kai. Manhajar tana duba launi da hasken wurin da aka ɗora ɗigon, ta zaɓi masu kama da shi a cikin da'irar. Kowane ɗigo yana da haske, bambancin haske da duhu, ƙarfin launi da fito da zane. Ana iya sa ɗigo takwas a zama ɗaya, in ba su isa ba a amince da su a sake buɗe kayan aikin.

Matsalarsa a hunturu ita ce komai ya kusa zama launi ɗaya. Katangar ƙasa, hanya da rigar da ta sha ƙura duk ruwan ƙasa ne, sai gyaran ya malala daga riga zuwa katanga. Dabarar ita ce a ɗora wani ɗigon a kan katangar, a bar duk lambobinsa a sifili. Wannan ɗigo na banza yana riƙe yankinsa, ya hana na farkon shiga. Mutane ƙalilan ne suka san wannan, alhali shi ke raba gyara mai tsabta da mai dabbare-dabbare.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan iko, amma an ɓoye ta. Bayan an yi kowane gyara, a danna alamar da ke sama mai kama da takardu a jere, a zaɓi View edits. Jerin matakan da aka bi zai fito. A taɓa mataki ɗaya, a zaɓi alamar buroshi, sai a shafa wurin da ake son matakin ya yi aiki kaɗai, da ƙarfin 25, 50, 75 ko 100. Alamar ido tana nuna inda aka shafa da jan launi. Da wannan ana iya yin Curves mai ƙarfi, a shafa shi 100 a ƙasan hoto, 50 a tsakiya, a bar sama ba a taɓa ba. A ƙara girman hoton da yatsu kafin a shafa gefen abu, domin girman buroshin yana bin girman da aka buɗe hoton. Shafa gefen zanko ko reshen bishiya ba tare da an buɗe ba yana barin farin layi da kowa zai gani.

Fata tana buƙatar kulawa ta daban. Structure da ke cikin Details yana fito da zanen tubali, saƙar tabarma da ɓawon kuka da kyau ƙwarai, +20 zuwa +30. A kan baƙar fata kuwa, musamman a lokacin da iska ta busar da ita, yana fito da kowane kaushi da furu-furu, ya tsufar da mutum. Don haka a yi shi, sannan a goge shi daga fuska da hannaye ta View edits. Kayan Portrait kuma yakan haskaka fuska fiye da wuya da hannu, mutum ya fito da launi biyu. Idan za a yi amfani da shi, a sauke hasken fuskar zuwa ƙasa da 20, murjin fata ƙasa da 15. Mu dai mun fi son Brush a kan Dodge & Burn da ƙarfin +5, a shafa sau ɗaya a goshi da kumatu, a bar launin mutum yadda Allah ya yi shi.

Ayyukan gwaji da suka dace da lokacin

Manhaja ba ta koyar da kowa in babu abin da zai riƙa gyarawa. Abin da ke sa hannu ya faɗa shi ne mutum ya ɗora wa kansa sharaɗi, shi kaɗai ko da abokai a zauren WhatsApp, kowa ya kawo nasa da dare a duba.

Gwajin launi ɗaya a mako ya fi kowanne dacewa da hazo, domin a fili mai toka-toka launi guda mai ƙarfi yana tsalle ya fito. Makon shuɗi, marinar Ƙofar Mata a Kano tana da yadin da aka tsamo daga baba ana shanyawa. Makon ja, akwai shanyar tattasai, barkono da kauɗar tumatir a gefen hanyoyin ƙauye. Makon kore, akwai lambunan rani irin na Kadawa da Kura, akwai kuma gawo, wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da kuka ta kaɗe nata. Hoton gawo kore shar kusa da kuka tsirara darasi ne cikakke na Selective: ɗigo ɗaya a ganyen, ƙarfin launi +20, ɗigon sifili a sama da ƙasa. A guji rage launin sauran hoton har ya koma baƙi da fari, wannan salon ya tsufa kuma yana nuna hannun mai gyara.

Gwajin inuwar mutum a gaban rana ana yin sa ne cikin sa'ar farko bayan fitowar rana ko ta ƙarshe kafin magariba, lokacin da ƙura ta rage mata ƙarfi har ana ganin faifanta. A nan akasin abin da aka faɗa a baya ake yi: a taɓa sama a allo, a rage haske, mai keke ko makiyayi da shanunsa su zama baƙi. Sharaɗin shi ne siffar ta rabu da komai, ƙafafu a buɗe, sanda ko ƙaho a fili, don haka sai an durƙusa an ɗauko daga ƙasa. Wajen gyara, wannan nau'in ne ya fi nuna raunin JPG. Samar da ke sauya launi a hankali daga ruwan lemo zuwa toka, idan aka ja ta da ƙarfi, sai ta tsattsage ta zama zobe-zobe a kewayen rana. Dalili shi ne JPG matakin haske 256 kawai yake da shi a kowane launi, jan da aka yi ya raba su da juna. Rigakafin shi ne DNG ko sassauta hannu. In ya riga ya faru, Grainy Film, mai barbaɗa wa hoto ƙananan ƙwayoyi, da ƙwayar 10 zuwa 15, a sauke ƙarfin salonsa zuwa sifili, yana ɓoye zoben.

Gwajin tururi da hayaƙi na masu sammako ne. Teburin mai shayi bayan sallar asuba, lokacin da yake ɗaga kofi yana zuba shayi daga sama zuwa wani kofin, ko kaskon mai ƙosai, ko mutanen da suka kewaye wuta suna jin ɗumi. Tururi ba ya fitowa sai haske ya biyo ta bayansa, bangon da ke bayansa kuma ya zama mai duhu. A zagaya har fitilar mai shayin ko hasken gabas ya koma bayan butar. A nemi izini kafin a ɗaga waya, a nuna wa mutum hotonsa bayan an ɗauka, mata da yara kuma sai da yardar su ko ta iyayensu. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da makamantansu a bar su kwata-kwata. A wannan gwaji ne za a ci karo da babban gibin Snapseed, domin hoton asuba yana cike da ɗige-ɗige kuma ba ta da abin share su. Abin da ake yi shi ne a sauke Structure zuwa -30, a shafa shi a wuraren duhu kawai ta View edits. Yana rage su, ba ya kawar da su.

Sai gwajin baƙi da fari na mako guda, wanda hazo ke taimaka wa sosai. A cikin Black & White akwai matatan launi. Ja da ruwan lemo suna haskaka fata da katangar ƙasa tare, wani lokaci har fuska ta narke cikin bango. Kore yana haskaka ganye ya bar fata da nauyinta. Shuɗi yana ƙara kaurin hazo, ya dace da hoton nesa da ake son ya yi shiru. A gwada duka a kan hoto ɗaya kafin a zaɓa. Double Exposure ma abin wasa ne mai daɗi, a haɗa inuwar kan mutum da rassan kuka ta salon Lighten, amma sai hoton farko yana da farar sama tsaf a bayansa, abin da hunturu ke bayarwa kyauta.

Kayan da za a yi hattara da su

HDR Scape da Drama su ne masu koyo suka fi so, kuma su suka fi ɓata hoton hazo. Suna neman zane a inda babu, sai farar sama ta cika da dabbare, kowace hasumiya ta samu farin kewaye. In dole ne, a sauke ƙarfinsu ƙasa da 20, a goge su daga sama. Lens Blur da'ira ko layi kawai yake bi, bai san gefen mutum ba, don haka kunne da hula sukan dushe tare da bango. Healing yana da kyau wajen cire ledar da iska ta maƙala a ƙaya ko tabon ƙura a sama, muddin an buɗe hoton sosai an taɓa a hankali. Ba ya barin mutum ya zaɓi inda za a ɗebo cikon, shi ya sa wayar lantarki da ta ratsa gaban gini takan bar tabo, ko a ga taga ɗaya ta zama biyu.

Idan aka kwatanta da Lightroom ta waya, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, ita tana da Dehaze na cire hazo da ja ɗaya, tana da rage ɗige-ɗige, tana kuma barin a gyara kowane launi shi kaɗai, duk a sashen kyauta. Amma sai an buɗe asusun Adobe, ta fi nauyi a ƙananan wayoyi, kuma gyaran yanki, wanda shi ne abin da hoton hunturu ya fi buƙata, sai an biya kuɗin wata. Wanda wayarsa ke da sarari zai iya haɗa su: rage ɗige-ɗige da ɗan Dehaze da bai wuce +20 ba a Lightroom, sauran aikin a Snapseed. Wanda zai riƙe ɗaya kawai, Snapseed ce.

Ajiya da turawa

A shiga saituna tun ranar farko. A sa girman hoto a kan kada a rage, inganci kuma JPG 100%. A Android, ajiyewa tana yin sabon kwafi ne, asalin yana nan, amma da zarar an rufe hoton jerin matakan ya tafi, ba a iya komawa a sassauta mataki na uku gobe. Don haka idan an samu tsarin da ya yi kyau, a ajiye shi a matsayin salo a ƙarshen jerin Looks, ko a fitar da shi a matsayin QR look abokan gwaji su ɗauka da kyamararsu. Salon da za a ajiye ya ƙunshi gyaran gaba ɗaya kawai, irin su White Balance, Curves da Tune Image, domin shafar buroshi da ɗigon Selective na hoto ɗaya ba sa dacewa da wani. A tsarin da muka duba, manhajar ba ta gyara hotuna da yawa a lokaci guda, kowanne sai an buɗe shi, sai dai Last edits yana ɗora gyaran hoton baya a kan sabo da taɓawa ɗaya.

Kada a riƙa buɗe kwafin da aka gyara ana sake gyara shi ana ajiyewa, kowace ajiyar JPG tana cin wani abu daga ingancinsa, kuma a farar samar hunturu ake fara ganin ɓarnar. A koma kan asalin a kowane lokaci. Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto, zoben da aka sha wahalar kaucewa ya dawo a sama. A zaɓi HD, ko a tura shi a matsayin fayil idan abokan gwaji za su buɗe su duba gefuna. Don Instagram a yanke shi 4:5 a tsaye, don status kuma 9:16, kuma a yi yankan a cikin Snapseed daga asalin hoton kafin a fitar da shi.